TAMBAYI KAWU: Kwana uku a Meziko, in kwanta a otal ko in je Puebla?

Jama'a barkanmu da war haka. Sanyin Jos ya shigo da ƙarfinsa, rubutun nan ma da rigar sanyi biyu nake yinsa, ga shayi a gefe ya huce tun ban kai rabin kofi ba. Tunda na yi suɓutar baki a fitowar da ta wuce nace na taɓa taka ƙasar Meziko, saƙonni suke ta shigowa kamar nace ina rabon biza. Na tsamo guda biyar, sauran a yi min afuwa, fili ne ya yi kaɗan.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, zoɓo nake saye a Jigawa da Kano ina haɗawa da masu fitarwa waje, toh yanzu Allah ya yi mutanen da muke sayar wa a Meziko sun gayyace ni in je mu ga juna a babban birninsu, kuma in mun gama zan samu kwana uku babu abin yi kafin ranar jirgi. Yaron da yake mana tafinta yace in je wani gari wai shi Puebla, wai garin tarihi ne, amma da na duba a waya coci-coci kawai nake gani. Dan Allah akwai abin da zai sa in kashe kuɗin mota ko dai in yi kwanciyata a otal in huta?
Alhaji mai zoɓo, Gangare, Jos

AMSA: Alhaji Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai da ciniki mai albarka. Ka je. Mutum ya kwana a sama ya ƙetare teku sannan ya kulle kansa a ɗaki yana canza tasha a talabijin ɗin da ko yarenta ba ya ji, haba Alhaji, hutun ai ka yi shi a Gangare in ka dawo.

Daga babban birnin zuwa Puebla wajen kilomita 130 ne, kamar kace Jos zuwa Bauchi, awa biyu a bas in ba a samu cunkoso wajen fita gari ba. Akwai tasha da suke ce wa TAPO, nan zaka samu motocin kamfanin ADO, tikiti ake yanka da lambar kujera kuma ba a jiran mota ta cika, lokaci na yi direba zai ja ko mutum uku ne a ciki, wannan kaɗai ma abin kallo ne ga wanda ya saba da tashoshinmu. Ka nemi kujerar taga ta hannun dama, in sama ta washe zaka ga wasu manyan duwatsu biyu, ɗayan shi ne Popocatépetl, dutse mai aman wuta da tsayinsa ya haura mita 5,000, kuma ba mutuwa ya yi ba, har yau yana fitar da hayaƙi, wani lokacin ma toka ta sauka a kan motocin mutane su share abinsu su wuce kamar ƙurar hunturu.

Abu na farko, kar ka ce kai ɗan Jos ne ka saba da tudu. Jos tana wajen mita 1,200 ne sama da teku, Puebla ta haura 2,100. Ni ranar farko bene hawa biyu na hau na tsaya ina haki kamar wanda ya biyo ɓarawo. Ka tafi a hankali, ka yawaita shan ruwa, ka riƙe rigar sanyinka don da dare garin yana cizo.

Sifaniyawa ne suka kafa garin a 1531, shekara goma kenan bayan sun ci babban birnin Aztek, masu mulkin yankin kafin zuwansu, a 1521. Ba gari suka tarar suka mamaye ba, fili suka samu suka zana da rula, saboda suna son zango tsakanin tashar jiragen ruwa ta Veracruz da babban birni, inda fatakensu za su yada zango su huta. Su mutanen garin suna da nasu labarin, wai mala'iku ne suka auna titunan da igiya a mafarkin wani bishof, shi ya sa ake ce masa Puebla ta mala'iku. Toh, ko ma waye ya auna, ba shi ya ɗauki dutse ba. 'Yan ƙasa ne suka yi ginin, su kuma aka ajiye su a unguwannin gefe, akwai wadda ake kira Analco, ma'anarta a yarensu tsallaken kogi. Wanda ya san yadda Bature ya raba Jos, nasa ɓangaren daban na ma'aikatan kuza daban, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Amfanin wannan zane da rula a gare ka shi ne ba za ka ɓata ba. Titunan lamba gare su, waɗanda suke arewa da dandalin tsakiyar gari 2, 4, 6, na kudu 3, 5, 7, sai a ƙara da kalmar Oriente in gabas ne, Poniente in yamma ne. Awa ɗaya ya ishe ka ka gane kan abin.

Ka fara da dandalin, sunansa Zócalo. Manyan bishiyoyi, kujeru, masu gyaran takalmi, masu balan-balan, tsofaffi suna karanta jarida, kewaye da rumfunan gini inda ake shan kofi. Ka zauna ka yi minti talatin baka yi komai ba, nan zaka fara jin garin. Gefen kudu babbar cocin ce, an fara ta a 1575 ba a buɗe ba sai 1649, kaga wanda ya haƙa tushe bai ga rufi ba, hasumiyoyinta biyu kowace ta kusa mita 70. Maganar shiga ciki kuwa ni ba malami ba ne, ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Ni dai na shiga a matsayin mai kallon gini, a lokacin da ba sa ibada, na cire hula kamar yadda suke so. Amma ko ƙofar coci ɗaya baka taka ba garin nan zai cika maka kwana biyu, bari kaji.

A bayan cocin, kan titin 5 Oriente, ka hau bene akwai wani ɗakin karatu da ake kira Palafoxiana. Wallahi Alhaji duk yawon da na yi a ƙasar nan babu inda ya tsaya min a rai kamarsa. Wani bishof ne mai suna Juan de Palafox ya bayar da littattafansa 5,000 a shekarar 1646, da sharaɗin kar a kulle su ga limamansu kaɗai, duk wanda ya iya karatu a bar shi ya shigo, shi ya sa ake ɗaukarsa ɗakin karatun jama'a na farko a duk nahiyar Amurka. Yanzu littattafan sun haura 45,000. Dogon zaure ne guda, kantocin katako hawa uku tun daga ƙasa har kusa da rufi, kana shiga ƙamshin tsohon katako da fata zai tare ka, irin wanda kake ji in wani tsohon malami ya buɗe gafakarsa. Daɓen ma ya lotsa saboda sawun mutane. Akwai wani keken katako da ake ɗora littattafai da yawa a buɗe, mai karatu yana zaune yana juya shi wanda yake so ya zo gabansa, nace yau ga kwamfutar mutanen da. Ba a taɓa komai, igiya ce ta tare, amma na fi awa ɗaya a tsaye. Sai na tuna gidan tarihinmu na nan Jos da aka buɗe tun 1952 shi ma yana da tarin rubuce-rubucen hannu na Larabci, kuma ni da nake wucewa ta wajen kullum sai da na je wata duniya kafin ya faɗo min a rai in leƙa.

In ka yanke shawarar shiga coci ɗaya tak, toh ka bar babbar ka tafi Santo Domingo, a cikinta akwai wani sashe da ake kira Capilla del Rosario da aka gama a 1690. Bango da rufi duk an lulluɓe su da zinare, ba fenti ba, zinare na gaske da aka buga ya yi falan-falan aka manna, in hasken rana ya shigo ta tagogin kubba sai ka runtse ido. Kai ɗan kasuwa ne na san lissafi zaka fara, nima shi na yi, daga baya kuma lissafin ya koma na wuyan waye aka taka aka tara wannan. Don garin nan ya yi arziki da masaƙu, kuma cikin masu aikin masaƙun har da bayin da aka kwaso daga nahiyarmu.

Yanzu ga wanda ya shafe mu mu 'yan Jos. Duk inda ka waiga zaka ga an yi wa gidaje ado da tayil mai fari da shuɗi, bango, kubba, kicin, bakin rijiya, har lambar gida. Sunan sana'ar Talavera. Na je wani gidan da ake yi na ga yadda suke haɗa yumɓu iri biyu, baƙi da fari, su tattaka da ƙafa, su ɗora a kan keke su fitar da kwano ko tulu, a shanya, a gasa, sai a tsoma shi cikin wani farin ruwa mai kauri kamar kunu kafin a zana a sake gasawa. Na tambayi tafinta me ke sa farin nan haka, ya faɗa min, ashe kuza ce. Ba ina cewa tamu ta Bukuru suke sawa ba, ƙarfen dai shi ne, wanda kakanninmu suka baro garuruwansu suka zo haƙa a nan. Kuma dabarar ba ta Turawa ba ce tun asali, a Iraƙi aka fara ta zamanin Abbasiyawa, Musulmi suka kai ta Andalus, ta zauna a wani garin Sifaniya mai suna Talavera de la Reina, daga can ta hau jirgin ruwa ta zo Puebla. Sunan tayil ɗin ma a yarensu azulejo, daga Larabci ne. A 2019 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa sana'ar cikin kayan gadon duniya. Akwai gidan Uriarte da yake aikin tun 1824, in kana son na gaske ka juya ƙasan kwanon zaka ga sa hannu da sunan gidan da ya yi, kuma kuɗinsa ba wasa ba. Na kasuwar El Parián masu araha yawanci kwaikwayo ne, sun isa tsarabar yara, amma kar a sayar maka a kuɗin na asali. Ana tayi, ka taya.

Kwana na biyu ka ba Cholula, tana nan gefen gari, tafiyar kamar rabin awa a tasi. Zaka ga wani tudu da ciyawa da bishiyoyi, a ƙolinsa wata coci ruwan ɗorawa. Ba tudu ba ne, dala ce da mutane suka gina da hannu, yawancinta da tubalin ƙasa irin namu, wani zamani ya ɗora a kan na wani har ɗaruruwan shekaru. Kowane gefe nata ya kai mita 400, ta Misra ta fi ta tsayi nesa ba kusa ba amma wajen cika da faɗi babu dalar da ta kai ta a duniya. Sifaniyawa sun shigo garin a 1519 ƙarƙashin Hernán Cortés suka kashe dubban mutane, daga baya kuma aka gina cocin nan a kanta. Masu binciken tarihi sun haƙa ramuka a cikinta tsawon wajen kilomita 8, wani lokacin ana barin baƙi su bi wani ɓangare wani lokacin a rufe, ka tambaya kafin ka sa rai. Hawan kam kamar Dutsen Dala ne amma da ƙarancin iska, ka huta sau uku babu kunya, in ka kai sama ga Popocatépetl nan a gabanka kamar ka miƙa hannu. In ka sauko ka nemi Capilla Real a tsakiyar garin, coci ce mai kubbobi 49 da jerin ginshiƙai, kana leƙawa zaka rantse masallaci ne aka kwashe tabarmi, masana suna cewa fasalin masallacin Ƙurɗuba ta Andalus aka bi.

Kwana na uku da safe ka hau tudun da ganuwoyin soja biyu suke, Loreto da Guadalupe, ka kalli garin daga sama, ka koma babban birni tun da rana kar jirgi ya bar ka. Ka kula yawancin gidajen tarihinsu ba sa buɗewa ranar Litinin. Af, na manta, motar nan bitil ta Volkswagen da iyayenmu suka hau, a garin nan aka ƙera ta ƙarshe a 2003.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Maigidana ne zai je taro a Meziko yace mu tafi tare, cikin shirin har da yini biyu a Puebla ɗin da ka ambata. Ni damuwata abinci, ance komai nasu da naman alade, in ɗauki garin tuwo da kuka ne ko yaya? Sannan sallah fa?
Maman yara, Gwarinpa, Abuja

AMSA: Hajiya lafiya lau, ya yara. Ba komai ba ne da alade, amma ki buɗe kunne don nan ne na kusa yin ɓarna. Daren farko yunwa ta koro ni waje, na hango wani shago an rubuta tacos árabes, ga nama a jikin ƙarfe a tsaye yana juyawa kamar shawarmar da muka sani, ga burodi irin na Larabawa, nace Alhamdulillahi na faɗo gidan 'yan uwa. Har na ɗaga yatsa biyu, mai yankan ya ɗauki wuƙa, sai wani dattijo da ke cin nasa a gefe ya dubi hulata ya dubi naman ya girgiza kai, ya dafa hancinsa ya yi min kukan alade. Ashe kallon kitse nake wa rogo. Larabawan da suka yi hijira zuwa garin wajen shekarun 1930 su suka kawo salon gashin, amma da tafiya ta yi tafiya aka maye naman rago da na alade, suna kawai ya rage. Allah ya saka wa dattijon nan, ko yaren juna bamu ji ba.

Don haka ki rubuta kalmomin nan a takarda ki sa a jaka. Cerdo da puerco duk alade ne, jamón da tocino da chorizo 'ya'yansa ne. Wadda ta fi su haɗari ita ce manteca, wato kitsen alade, don ita ba a ganinta, da ita ake soya wake a wurare da yawa, ana sa ta a tamales, wani abu kamar alala na masara da ake naɗewa a ɓawo. Ki koyi cewa sin manteca, wato ban da kitse. Pescado kifi ne, huevo ƙwai, pollo kaza, res naman shanu, sai dai maganar yanka tana nan, ni kifi da ƙwai na riƙe har na dawo kuma ban rame ba.

Abincin da garin yake alfahari da shi sunansa mole poblano, miya ce baƙa mai kauri da ake haɗawa da busasshen barkono iri-iri, riɗi, gyaɗa, kayan ƙamshi da ɗan cakulan, a kwarara a kan kaza ko talotalo. Shi ma wasu da kitsen suke soya kayan, sai kin tambaya. Ni gaskiya cokali biyu na yi a inda aka tabbatar min da man girki aka yi, zaƙi-zaƙi yaji-yaji, harshena bai yanke hukunci ba har yau.

Garin tuwo kam bar shi a gida, kar ma'aikatan filin jirgi su tsare ki suna shinshina kuka. Ƙasar masara zaki je, can ne ma asalinta, barkono da piya ma 'yan can ne, tumatir ma a hannunsu Turawa suka fara ganinsa. Ga tortilla mai zafi kamar fanke marar mai, ga dafaffiyar masara a bakin titi, ga mangwaro da gwanda. Abin sha kuwa dariya zaki yi: agua de jamaica zoɓo ne tsaf, wataƙila ma na Alhajin Gangare ne ya riga ki zuwa, agua de tamarindo ruwan tsamiya, horchata kuma kamar kunun aya amma su da shinkafa da kirfa suke yi. Ruwan famfo dai kar ki sha, na gora. Tsarabar yara ki je titin 6 Oriente, layin 'yan alawa ne, ki sayi camotes, alawar dankalin Hausa ce a naɗe a takarda.

Sallah a ɗakin otal na riƙa yi. Ki lura alƙiblar can arewa maso gabas take sosai, ba gabas ɗin da muka saba ba, ki sauke manhajar alƙibla a waya tun daga Abuja.

TAMBAYA: Kawu ni ɗalibi ne ina karanta zanen gine-gine a nan Jos. Ya aka yi gine-ginensu suka shekara ɗari huɗu suna tsaye, namu kuwa na ƙasa shekara hamsin sun zube? Dutse ne sirrin?
Ɗanka na Anguwar Rogo

AMSA: Ɗana, dutse yana taimakawa amma ba shi kaɗai ba ne, don su suna da abin da mu Allah ya raba mu da shi, girgizar ƙasa. A 1999 ta jijjiga garin har ɗakin karatun nan da na faɗa ya tsattsage sai da aka yi shekaru ana gyara. Ranar 19 ga Satumba 2017 wata mai ƙarfin 7.1 ta sake bugawa, cibiyarta a cikin jihar Puebla ɗin, kawunan hasumiyoyin cocin da ke kan dalar Cholula suka faɗo. Kaga ba tsayuwa suke yi haka kawai ba, faɗuwa suke ana tayarwa. Suna da hukumar kula da kayan tarihi tun 1939 da ake kira INAH, in gidanka yana cikin tsohon gari baka isa ka fasa bango ka fitar da shago yadda ka ga dama ba sai da izini, kuma tun 1987 da UNESCO ta sa tsakiyar garin cikin wuraren tarihi na duniya ido ya ƙaru a kansu. Sannan ginin yana kawo kuɗi, tsohon gidan attajiri ya zama otal, na wani ya zama gidan abinci, mai shi ba zai so ya rushe abin da yake ci da shi ba.

Akwai wani gida a layin 'yan alawan nan, na iyalan Serdán, inda aka yi musayar wuta da 'yan sanda da sojoji ranar 18 ga Nuwamba 1910, daf da ɓarkewar juyin juya halin ƙasar. Ramukan harsashin suna nan a bango har yau, ba wanda ya liƙe. Da mu ne da tuni an yi filasta an shafa fenti ruwan madara.

Ginin ƙasa kuma kar ka raina shi, ai dalar Cholula ma tubali ce. Shi dai yaɓe yake so duk shekara kafin damina da indararo mai kyau. Gidan kakana yana da zaure mai bakan gizo, dagi a saman ƙofa, da rani sanyi da hunturu ɗumi, ranar da aka raba gado wata uku bai yi ba aka kawo katafila, yanzu shagunan caji da POS ne a wurin. Ba ruwa ne ya ci shi ba. Tunda kana Jos ka je gefen gidan tarihi inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, ka tafi da tef da littafinka ka auna bakan nan da hannunka.

TAMBAYA: Kawu wai 5 ga Mayu da nake gani 'yan Amurka suna biki a intanet ita ce ranar 'yancin Meziko?
Ƙanwarka daga Tudun Wada, Jos

AMSA: A'a ƙanwata, ranar 'yancinsu 16 ga Satumba ce. Ita 5 ga Mayu ranar yaƙin Puebla ce a 1862. Meziko ta dakatar da biyan bashi, Faransa ta turo soja, Janar Ignacio Zaragoza ya tare su a tudun ganuwoyin nan biyu da na faɗa wa Alhaji, da sojan da bai kai nasu yawa ko kayan aiki ba, ya kora su. Daɗin bai daɗe ba, shi Zaragoza zazzaɓin taifot ya kashe shi a watan Satumba na shekarar, Faransawa suka dawo da ƙarin soja suka ci garin a 1863. A Puebla ana fareti sosai ranar, sauran ƙasar kuwa ba wani abin a zo a gani, a Amurka ne abin ya zama shagali.

TAMBAYA: Kawu biza da jirgi fa, ta ina ake bi?
Wani mai niyya, Kubwa

AMSA: Malam, Meziko tana da ofishin jakadanci a Abuja, can zaka nema da kanka, kar ka ba wani ɗan kan hanya fasfonka da kuɗinka. Akwai sassaucin da suke yi wa mai bizar Amurka ko Kanada ko Ingila ko ta Shengen da bata ƙare ba, amma ka ji daga bakin ofishin kafin ka yanki tikiti. Babu jirgin da yake tashi kai tsaye daga Najeriya, ko ka bi ta Istanbul ko ta Turai, in ta Faransa ko Jamus ne ka binciki bizar wucewa don mai koren fasfo ana tambayarsa ko da ba zai fita filin jirgi ba. Kuɗinsu peso, ka tafi da dala ka canza a can. Kuma muna gabansu da awa bakwai, ka gaya wa mutanen gida tun yanzu, ni ƙarfe biyun dare aka tashe ni a Puebla ana tambayata ina na ajiye makullin janareto.